Jak Kusto: Sojan Ruwan Da Ya Shiga Da Kyamara Ƙarƙashin Teku

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu tsallaka ƙasar Faransa ne domin mu duba rayuwar wani mutum da ya shafe fiye da shekara 50 yana nutso a teku yana ɗauko wa duniya hoton abin da ke ƙarƙashin ruwa. Sunansa Jak Kusto, wanda a Faransanci ake rubutawa Jacques-Yves Cousteau. Mu da ke Agye da Gazawa da Gidan Rumji, sai mun yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a mota kafin mu ga teku a Legas ko Kwatano, kuma ko 'yan kasuwarmu da ke zuwa ɗauko kaya a tashar jiragen ruwa saman ruwan kawai suke gani. Amma yau yaro a ƙauye yana iya ba ka labarin kifaye masu launi-launi da duwatsun murjani, saboda ya gan su a talabijin ko a salula. Mutumin nan yana cikin waɗanda suka buɗe wannan ƙofa, kuma da kyamara ya buɗe ta.

An haifi Kusto ranar 11 ga watan Yuni na 1910 a wani ƙaramin gari mai suna Saint-André-de-Cubzac, kusa da birnin Bordo. Mahaifinsa Daniel lauya ne da ke yi wa wasu attajiran Amurka aiki, saboda haka iyalin ba su cika zama wuri ɗaya ba, har sun taɓa zama a birnin New York lokacin yana ɗan shekara goma. Yaro ne mai yawan laulayi, siriri, amma mai son ruwa da son kwance na'ura ya ga abin da ke cikinta. Yana da shekara 13 ya tara kuɗinsa ya sayi ƙaramar kyamarar ɗaukar fim ta kamfanin Pathé, kuma tun daga ranar bai rabu da kyamara ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

A 1930 ya shiga makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa ta Faransa. Burinsa shi ne ya zama matuƙin jirgin sama na rundunar, kuma har ya fara koyo. Sai a 1936 ya yi mummunan haɗarin mota wanda ya kakkarya masa hannuwa biyu. Likitoci sun so su yanke ɗaya, ya ƙi yarda. Maganar tuƙin jirgin sama dai ta mutu daga nan. Aka mayar da shi sansanin sojan ruwa na birnin Tulon, a bakin tekun Bahar Rum, inda ya riƙa iyo kullum domin hannuwansa su dawo da ƙarfi. A can ne wani hafsa abokinsa, Philippe Tailliez, ya ara masa wani tabarau na masu nutso, wanda ke hana ruwa taɓa ido. Da ya sa shi ya tsoma kansa, sai ya ga kifaye da ciyayi da duwatsu tar, a wurin da ya daɗe yana iyo bai san da su ba. Wani hani ga Allah baiwa ne. Haɗarin da ya raba shi da sama shi ne ya haɗa shi da teku.

A 1937 ya auri Simone Melchior, 'yar wani tsohon babban hafsan sojan ruwa da ke aiki a kamfanin Air Liquide mai sayar da iskar gas a tukwane. Sun haifi 'ya'ya maza biyu, Jean-Michel a 1938 da Philippe a 1940. Wannan aure ya yi masa rana ta fuskoki da yawa, kamar yadda za mu gani.

Matsala biyu: numfashi da ruwa

Abin da ya dami Kusto da abokansa biyu, Tailliez da wani gwanin nutso mai suna Frédéric Dumas, shi ne yadda za su nuna wa mutane abin da suke gani. In sun fito suna ba da labari, sai a ɗauka ƙari suke yi. Gani ya kori ji, amma kafin a kai ga gani akwai matsala biyu. Ta farko, mutum ba ya iya riƙe numfashi sai na minti ɗaya ko biyu. Ta biyu, kyamara da ruwa ba sa ga maciji.

Ba shi ne ya fara gwadawa ba. Tun a 1893 wani malamin kimiyya Bafaranshe, Louis Boutan, ya sa kyamara cikin wani ƙaton akwatin ƙarfe mai tagar gilashi ya saukar da shi ƙasan teku. Akwatin na da nauyi ƙwarai, kuma hoto ɗaya kan ci har rabin awa kafin ya kama. Abin ya yiwu, amma ba abin da kowa zai iya ba ne.

A 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Faransa na hannun Jamus, Kusto ya sami wata tsohuwar kyamara mai suna Kinamo, wani injiniyan sojan ruwa, Léon Vêche, ya ƙera mata gida wanda ruwa ba ya shiga. Da ita suka ɗauki fim ɗinsu na farko a zurfin mita 18, suna riƙe numfashi suna nutsawa suna fitowa. A shekarun nan fim ɗin majigi ya yi wuya a kasuwa, sai suka riƙa sayen gajerun fina-finan hoto na shaguna, shi da Simone suna liƙa su ɗaya bayan ɗaya a cikin duhu har su yi tsawon da ake bukata.

Maganin matsalar numfashi kuwa ta hanyar surukinsa ya zo. A kamfanin Air Liquide akwai wani injiniya, Émile Gagnan, wanda saboda ƙarancin fetur lokacin yaƙi ya ƙera wani ɗan kai da ke daidaita fitar gas domin motoci su yi tafiya da gas ɗin girki. Matan da ke girki da tukunyar gas sun san irin wannan kai da ake ɗaurawa a bakin tukunya. Kusto da Gagnan suka gyara shi yadda zai riƙa sakin iska ne kawai idan mutum ya ja numfashi, kuma daidai da nauyin ruwan da ke kansa. Sun fara gwada shi a kogin Marne a farkon 1943, bai yi yadda ake so ba, suka sake gyarawa, sannan a damina ta wannan shekara ya yi aiki a tekun Bahar Rum. Daga nan mutum ya iya goya tukunyar iska a baya ya yi yawo a ƙasan ruwa hannuwansa a sake, yana riƙe da kyamara. Sai dai abin bai zo a banza ba: a watan Satumba na 1947 wani abokin aikinsu, Maurice Fargues, ya rasu wajen gwada nutso zuwa zurfin mita 120.

Jirgin tamma ɗaya a shekara

A 1950 Kusto ya ga wani tsohon jirgin share nakiyoyin ruwa na sojan Ingila da aka mayar jirgin fito a tsibirin Malta, ana kiransa Calypso. Ba shi da kuɗin saye. Wani attajiri, Loel Guinness, ya saya ya ba shi haya a kan tamma ɗaya ta Faransa a shekara. Amma jirgi ba ya tafiya sai da mai, ma'aikata kuma sai da abinci. Simone ta sayar da kayan adonta aka zuba mai. Matan kasuwa ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan, domin da yawa cikinsu sun san abin da ake nufi da sayar da ɗan kunne ko akuya a tsayar da sana'ar gida. Ba ta tsaya nan ba, ta koma cikin jirgin da zama, ta shafe kusan shekara 40 tana kula da ma'aikata da lissafinsu da lafiyarsu, alhali da wuya a ga fuskarta a fina-finan mijinta.

Neman kuɗi ya sa Kusto ya karɓi kwangiloli. A 1954 jirgin ya yi wa wani kamfanin man Ingila binciken ƙasan teku a gaɓar Abu Dhabi, aikin da ya taimaka wajen gano man fetur a yankin. A 1956 kuma ya fito da fim ɗin da ya ɗaukaka sunansa, wanda ya yi tare da wani matashi, Louis Malle. Sunan fim ɗin Le Monde du silence, wato duniyar shiru. Shi ne karo na farko da jama'a da yawa suka ga ƙasan teku da launinsa. Ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a 1956, sannan ya ci kyautar Oscar ta Amurka a 1957. A wannan shekara ce aka naɗa shi shugaban gidan adana kayan teku na Monako, muƙamin da ya riƙe har 1988.

To amma akwai abin da za mu faɗa game da fim ɗin, domin tarihi ba yabo ba ne kawai. A cikinsa an nuna ma'aikatan jirgin suna jefa nakiya a ruwa domin su ƙidaya kifayen da suka mutu, an kuma nuna su suna karkashe manyan kifayen nan da ake kira shak. A lokacin ba wanda ya ga laifin haka, ana ganin teku ba ta ƙarewa.

Kyamarar da ke shiga ruwa da kanta

Duk da wannan nasara, ɗaukar hoto a ruwa ya ci gaba da zama aikin masu kuɗi da ƙwararru. Sai ka sayi kyamara, sannan ka sayi gidan ƙarfe mai nauyi da za ka sa ta ciki, kuma kowane maɓalli sai an huda masa rami a jikin gidan, kowane rami kuwa ƙofa ce ga ruwa. Kusto ya so a yi ƙaramar kyamara wadda ita kanta ba ta jin ruwa, mutum ya rataya ta a wuya ya shiga teku ya fito ya ci gaba da ɗaukar hoto a tudu. Ya ba wani injiniya ɗan Beljiyam da ke aiki da shi, Jean de Wouters, wannan aiki. A farkon shekarun 1960 kyamarar ta shiga kasuwa da sunan jirgin, Calypso, kamfanin La Spirotechnique na sayar da ita. Girmanta bai wuce na kyamarar masu hoto ta yau da kullum ba, tana cin fim ɗin da ake samu a kowane shago, kuma an yi ta ne ta jure zurfin mita 60.

Domin mai karatu ya gane girman wannan aiki, ya kamata mu san cewa ruwa nauyi gare shi, kamar yadda duk mai ɗaukar jarka ya sani. A kowane mita 10 na zurfi, ruwa na danna kusan kilo ɗaya a kan wurin da bai wuce faɗin farcen yatsa ba. A mita 60 ke nan kilo shida ne a kan kowane farce. In muka ƙiyasta fuskar kyamara da faɗin tafin hannu, kamar an ɗora mata buhun gero shida ne. Da wannan ƙarfi ruwa ke neman ƙaramar kafa ya kutsa.

Abin mamaki, abin da ke tare wannan ƙarfi ba wani ƙarfe ba ne, zoben roba ne siriri da ake kwantarwa a cikin kwarmi a duk inda gaɓa biyu suka haɗu, irin robar da ke bakin murfin kular abinci. Yayin da ruwa ya ƙara dannawa, robar na ƙara matsewa cikin kwarmin tana toshe hanya. Dabarar de Wouters ita ce ya rage yawan ƙofofin: cikin kyamarar na zamewa ne ya shige cikin kwanson ƙarfe guda ɗaya, sannan gilashin ɗaukar hoton ya toshe gaba ya kulle su tare. Amma robar na da sharaɗi. Sai an riƙa wanke ta ana shafa mata ɗan maiko, domin ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ɗaya in ya kwanta a kanta ya isa ya buɗe wa ruwa hanya.

Akwai kuma matsalar haske. Ruwa na shanye launi: ja ne ke fara ɓacewa tun a 'yan mitocin farko, sannan ruwan lemo da rawaya, har komai ya koma shuɗi. A zurfi, jini ma kore yake zama a ido. Saboda haka sai an shiga da fitila kafin launin gaskiya ya fito. A nan Kusto ya sami taimakon wani malamin jami'a Ba'amurke, Harold Edgerton, gwanin fitilar walƙiya ta kyamara, wanda ya yi tafiye-tafiye da dama a cikin Calypso. Ban da haka, a ruwa abu kan yi kamar ya fi kusa kuma ya fi girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka mai hoto sai ya matsa kusa sosai.

A fagen ciniki kuwa, kamfanin Faransan ba shi da ƙarfin kai kyamarar ko'ina a duniya. Kamfanin Nikon na Japan ya karɓi ƙirar, ya fito da ita a 1963 da sunan Nikonos, ya yi ta inganta ta har 2001 da aka daina yin ta. Kusan shekara 40 ita ce kyamarar masu nutso, kuma 'yan jarida a yaƙin Biyetnam sun riƙe ta saboda ba ta jin ruwan sama da taɓo. Darasin da ɗan kasuwa zai ɗauka a nan a fili yake: mai ƙirƙira daban, mai hanyar kai kaya kasuwa daban, kuma sau da yawa na biyun ne sunansa ke zama a jikin kaya.

Abin da kyamara ta nuna masa

Hoto shaida ne da ba ya mantuwa. Kusto ya riƙa komawa wuraren da ya ɗauka a baya a tekun Bahar Rum, sai ya tarar kifayen sun ragu, ciyayin sun mutu, datti ya yi yawa. Mutumin da ya jefa nakiya a ruwa sai ya zama mai kare teku. A watan Oktoba na 1960 hukumar nukiliya ta Faransa ta shirya zubar da sharar nukiliya a Bahar Rum. Kusto ya fito ya yi adawa, jama'a suka mara masa baya, mata da yara suka zauna a kan layin dogo suka tare jirgin ƙasan da ke ɗauke da sharar, aka fasa.

A 1963 ya kafa wani ɗan ƙauye a ƙarƙashin tekun Bahar Maliya, a gaɓar Sudan, inda mutanensa suka zauna wata guda a zurfin mita 10. Fim ɗin da ya yi a kan wannan ya sake ci masa kyautar Oscar. Daga 1968 zuwa 1976 shirinsa na talabijin ya zagaya duniya, jar hularsa ta zama alamarsa. A 1973 ya kafa ƙungiyar kare teku mai ɗauke da sunansa, a 1988 aka zaɓe shi cikin majalisar masana harshen Faransanci, kuma yana cikin waɗanda suka matsa har aka sa hannu a yarjejeniyar Madrid ta 1991 da ta hana haƙar ma'adinai a yankin ƙanƙara na kudancin duniya.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da jarrabawa. Ɗansa Philippe, wanda yake sa ran zai gaje shi, ya rasu a haɗarin jirgin sama a kogin Tagus kusa da Lisbon a watan Yuni na 1979. Simone ta rasu a watan Disamba na 1990 sakamakon ciwon daji. A 1991 ya auri Francine Triplet, sai ta bayyana cewa sun riga sun haifi 'ya'ya biyu tun Simone na raye, abin da ya raba kan gidan, har shi da babban ɗansa suka kai ga kotu a kan amfani da sunan Kusto. A watan Janairu na 1996 wani kwale-kwalen dakon kaya ya daki Calypso a tashar Singafo, jirgin ya nutse kafin daga baya a tsamo shi. Kusto ya rasu a birnin Paris ranar 25 ga Yuni, 1997, yana da shekara 87.

Akwai labarin da ya daɗe yana yawo a tsakaninmu cewa ya musulunta bayan ya ga inda ruwa biyu suka haɗu ba su gauraya ba. Gidauniyarsa ta ƙaryata wannan a rubuce tun 1991, yana raye, kuma a majami'ar Notre-Dame ta Paris aka yi addu'ar jana'izarsa kafin a binne shi a garinsu.

Ga mai saye da mai sayarwa

Yau ƙananan kyamarori da wayoyin salula da aka ce ba sa jin ruwa sun cika kasuwa, kuma ƙa'idar da Kusto da de Wouters suka yi aiki da ita ba ta canza ba. Abu na farko da za a tambaya shi ne zurfin mita nawa aka rubuta, da kuma tsawon lokaci. Wayar da aka rubuta wa IP67 an gwada ta ne a mita ɗaya na minti 30. Mai IP68 ta ɗan fi haka, galibi mita ɗaya da rabi, kuma a ruwan daɗi mai tsabta. Wannan kariya ce daga ruwan sama da faɗawa bokiti, ba ta nutso ba ce. Kyamarar GoPro ta zamanin nan na jure mita 10 ba tare da gida ba, ita kuwa Tough TG-7 da ta fito a 2023 mita 15. Duk mai son wuce haka sai ya sayi gida na musamman.

Abu na biyu, a duba robar murfin batir da ta wurin caji. Zafin ƙasarmu na busar da roba ya tsattsaga ta, ƙurar hunturu kuma na kwanciya a kanta. Wayar da mai gyara ya taɓa buɗewa, ko 'yar gwanjo da aka sake wa gilashi, kada a amince cewa har yanzu tana tare ruwa, kuma mai shago mai tsoron Allah ya kamata ya faɗa wa mai saye haka. Abu na uku, kyamara ba ta ganin abin da ido bai gani ba: a jan ruwan Gulbin Maraɗi da damina, ko a tabkin Madarumfa in ya gurɓace, komai tsadarta laka za ta ɗauko. In kuma an shiga da ita ruwan gishiri ko na taɓo, a ɗauraye ta da ruwa mai kyau, a bari ta bushe kafin a buɗe murfi.

Nan za mu dasa aya a tarihin Jak Kusto. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba da tarihin wani, idan Allah Ya kai mu.